Madarar Jar Saniya

Ayuba,

Gaisuwa cikin sunan Yesu. Yaya Fatakwal, yaya Rifkatu da yara? Ni ban mutu ba tukuna.

Likitan dabbobi ya yi wa jar saniyarka allura, ya ce a zubar da madararta har maganin ya fita. Kai kuma ka buga wa mai tatsa waya, wai a gauraya a kai wa masu yogot a Kafanchan. Yogot ɗin nan 'ya'yan ƙanwarka suke sha a makaranta. Na kifar da bokitin a kwata, gobe ma haka zan yi.

Gai da surukaina. Ku sa ƙafata a addu'a. Kai kuwa, na ajiye maka kofi ɗaya a firji. Tunda ka ce ba komai, zo ka sha.

Mamanka