Horon Kitson Madam Natan

Anti Huraira, don Allah ki taimake ni da shawara kafin Asabar ɗin nan, kada ki sa wasiƙata a layi. Murna ce ta cika ni har ta yi mini yawa, kuma da alama a cikin murnar na ɗebo abin da ya fi ƙarfina.

Ni malamar makaranta ce a nan Keffi, gidanmu yana Tudun Ƙofa. A farkon zangon nan shugabar makarantarmu, makarantar 'yan mata ta kwana, ta kira ni ofis ta ce an ba ni riƙon gidan kwana guda, wato na zama hausmistires. Kuma Anti, ba kowane gida ba, Gidan Shuɗi. Makarantar da na yi ke nan, kuma gidan da na zauna tun ina 'yar aji ɗaya mai kukan gida har na fita. Ranar da aka miƙo mini makullai kai tsaye na wuce na nemo gadona na da, na sama a lungun taga, na tsaya ina ta dariya ni kaɗai kamar sabon kamu. Maigida ya ce tun da ya aure ni bai taɓa ganin na kira mutane da yawa haka a yini ɗaya ba.

Sai na ba ki labarin zamaninmu kafin ki gane matsalata. A lokacin kowane gida da irin tasa uwar. Malama Zulaihatu ta Gidan Ja ba ta rabuwa da bulala, ko gaisuwa kika je yi mata sai kin ga wutsiyar bulalar ta leƙo daga ƙarƙashin gyale. Ta Gidan Kore ba ta duka, langalanga take miƙa miki ta nuna miki ciyawa daga bakin famfo har katanga. Mu kuwa Allah ya haɗa mu da Madam Natan, gajeruwar mace 'yar Eggon mai takalmin roba da ba ya ƙara. Ba kya jin zuwanta, sai dai ki ɗago kai daga kofin garin da kika jiƙa a ɓoye ki gan ta tsaye tana kallonki. Ranar duba tsafta tana bin farce, zanin gado, ƙarƙashin akwati, har bayan kunne. Ta taɓa kama mu da risho muna dafa taliya a ɗakin ajiye kaya. Ta tsaya har taliyar ta nuna, ta ɗauki tukunyar ta kai wa masu gadi, mu kuma ta sa muka wanke ta bayan sun cinye.

Amma abin da ta yi suna da shi horon faɗa ne. Makaranta takan fitar da kitson sati, wannan satin shuku, wani satin zane, kowa dole ta yi kafin Litinin. To duk biyun da suka ba hamata iska a Gidan Shuɗi, Madam sai ta yanke cewa daga ranar har ƙarshen zango babu mai taɓa kan ɗaya sai ɗayar. Ki ɗora kanki a cinyar wadda kika fi tsana a duniya, ki miƙa mata kibiya da mataji da hannunki.

Ni ma na sha. Wata yarinya Angela, 'yar Mada, ta ture mini bokiti a layin famfo, ni kuma da bakina da hannuna duk ba sa jiran juna, na yage mata aljihun riga. Asabar na zuwa aka kai mu bayan gidan Madam, gindin mangwaro, inda babu mai ganinmu sai kajinta. Na ja wa Angela gashi har girarta ta koma sama. Da ta karɓi kibiya ta rama da riba, na yi kwanaki in zan waiwaya sai da dukan jikina. Madam tana gefe a kan 'yar kujerarta, tiren agushi a cinya tana ɓarewa, ko kallonmu ba ta yi. In ta ji ɗaya ta yi ƙara sai ta yi gyaran murya kawai, hannun mai kitson ya sassauta. Haka muka yi ta yi sati bayan sati. Har mijinta yakan fito da mashin yana mata hon su je kasuwa, ta ɗaga masa hannu ya tafi shi kaɗai. Tun muna yi ba ma magana, har ya zama muna cewa juya, sunkuya, har hira ta ɓarke. Ina kwance a cinyar Angela na ji cewa mahaifiyarta ta rasu tana ƙarama, shi ya sa ba ta iya tsaga a miƙe ba, babu wanda ya koya mata. Ni na koya mata. Yau Angela ma'aikaciyar jinya ce, ita ta yi mini kitson amarci, ni kuma na fara riƙe ɗanta na fari kafin danginta su iso asibiti. Madam ta daɗe da yin ritaya ta koma garinsu, amma ni har gobe in na ji ƙamshin man kaɗanya sai na tuna gindin mangwaron nan.

Ina ta zuba, yi haƙuri. Ga matsalar.

Satin da ya wuce aka yi faɗan farko a gidana. Ɗayar Khaulat ce, 'yar yayana Sale, ciki ɗaya muke da shi. Ɗayar kuma Mu'mina, sabuwar yarinya da aka yi wa canjin makaranta a zangon nan, shiru-shiru, kullum da hula a ƙarƙashin hijabi, ko wanka za ta je da hularta. A layin famfo Khaulat ta fizge mata hular, wai wasa. Mu'mina ta dafe kanta da hannu ɗaya, ta kama hannun Khaulat ta gantsara mata cizo. Anti, Allah ya yafe mini, da aka kawo mini su daɗi na ji. Layin famfon nan dai, gidan nan dai, sai na ga kamar Allah ne ya kawo mini ranar da zan zama Madam Natan. Dama shugabarmu ta hana duka. Nan take na tara 'yan gidan duka na sanar da horon kitso, za a fara Asabar ɗin nan. Na ma ƙara masa armashi, na ce a barandar gida za a yi inda kowa zai gani ya ɗauki darasi. Da yake a ranar akwai bikin ƙanwar Maigida a Nasarawa, kuma Asabar ce kaɗai nake samu in leƙa yarana a Tudun Ƙofa, na ce kyaftin ɗin gida ce za ta riƙa tsayawa a kansu.

Labari ya kai wa Yaya Sale. Ya kira ni ya wanke ni tas, ya ce 'yarsa ba za ta ɗora kai a cinyar wadda ta cije ta ba, balle a gaban jama'a, in na matsa zai zo ya ɗauke ta daga makarantar. Har ya kai ƙarata wurin Hajiyarmu. Ni kuma in na janye, na san abin da zai biyo baya, don tuni yara sun fara raɗe-raɗin cewa Gidan Shuɗi ya zama na su Khaulat. Maganata ta farko ke nan a gidan, in ta faɗi ƙasa ba na jin zan ƙara ɗaga murya a ji ni. Ita kuwa Mu'mina tun ranar abinci ma ba ta cika zuwa ci ba, ni dai na ɗauka taurin kai ne.

Na kira Angela ina tsammanin za ta yi tsalle. Ta yi dariya sosai kam, da na gama ba ta tsarin duka sai ta ce, "To, wa zai ɓare agushin?" Ita dama ba ta rabuwa da zolaya.

Anti, ki faɗa mini. In tsaya a kan maganata in ɓata da ɗan'uwana, ko in janye in zubar da girmana tun ban fara ba? Ina son aikin nan kamar raina.

Tsohuwar 'yar Gidan Shuɗi, Keffi

*

'Yar'uwa, ina taya ki murna. Na karanta wasiƙarki ina murmushi, don mai son aiki irin haka ba kullum ake samu ba, kuma yaran gidanki sun yi sa'a. Amma murna ta sa kin yi gaba kin bar wasu abubuwa a baya, bari mu koma mu ɗauko su.

Kafin yayanki, kafin girmanki, akwai Mu'mina. Yarinyar da ba ta cire hula ko a wurin wanka, wadda aka fizge hular ta fara dafe kai kafin ta rama, ba taurin kai ke damunta ba. Wataƙila makero ne, wataƙila gashin ne ya zube bayan wata jinya, wataƙila tabo ne, ban sani ba, ke ma ba ki sani ba, don ba ki tambaya ba. Ki kira ta yau ɗin nan, ke da ita kawai, ki yi mata magana a hankali, in da buƙata ki kai ta wurin mai jinyar makaranta. In akwai abin da take ɓoyewa, horon da kika sanar a baranda daidai yake da ki sake fizge mata hular da hannunki, a gaban gida duka, kuma ki miƙa kanta ga wadda ta fara yi mata hakan. Rashin cin abincinta tsoron Asabar ne. Cizo laifi ne, ki faɗa mata haka ba tare da kwana-kwana ba. Amma Khaulat ma ta ji daga bakinki cewa abin da ta yi ba wasa ba ne.

Game da janyewa, ina tare da ke. Kada ki soke horon don an buga miki waya daga gida, yara ba sa manta irin wannan. Sai dai gyara ba janyewa ba ne. Ki ɗauke shi daga baranda. In kan Mu'mina bai yi kitso ba tukuna, ita ta yi wa Khaulat, Khaulat kuma ta riƙa ɗebo mata ruwa a layin famfon da ta tozarta ta, har kan ya warke. Ki sanar da shugabarku tsarin kafin ki fara, kada ta ji a bakin iyaye.

Yayanki yana da rabin gaskiya. Babu uban da zai so a mai da 'yarsa abin kallo. Kada ki biye masa a waya, ki taka ki same shi a gaban Hajiya, ki gaishe shi yadda ƙanwa take gaida yayanta, ki ce kin ji maganarsa, ba za a yi a bainar jama'a ba, kuma ke da kanki za ki kasance a wurin. Amma ki gaya masa horon yana nan. Zai yi fushi na ɗan lokaci. Ina kyautata zaton ba zai cire 'yarsa daga makaranta saboda kitso ba.

Saura tambayar Angela. Ba zolaya take yi ba, ita ta riga ni ba ki amsa. Ki sake karanta abin da kika rubuto mini. A ina aka yi muku horon? Bayan gida, inda babu mai kallo sai kaji. Wa ke wurin? Matar da mijinta ke mata hon ta ɗaga masa hannu ya tafi, sati bayan sati har zango ya ƙare. Ku kuna ganin ku aka hora, alhali Asabar ɗinta ce take tafiya. Ba kitson ne ya haɗa ki da Angela ba, ai da kitson kuka so ku cire wa juna fatar kai. Gyaran muryar nan ne ya sassauta hannuwanku har bakinku ya buɗe. Kyaftin ɗin gida yarinya ce kamar su, ba ta da wannan gyaran muryar, kuma bai kamata a ɗora mata ba.

Saboda haka ki je bikin ƙanwar mijinki da zuciya ɗaya, ki ɗage horon zuwa Asabar ta gaba, ki faɗa wa yara dalili: ba za a fara ba sai kina zaune. Ki yi shawara da maigidanki a kan yadda za ki riƙa ganin yaranki, ko a kawo miki su, ko ki koma Lahadi. In kin auna kin ga ba za ki iya ba da Asabar ɗinki har ƙarshen zango ba, babu laifi, ki bar horon Madam inda kika same shi ki nemi langalanga. In kuwa za ki iya, ki nemi inuwa a bayan gidanki da 'yar kujera, ki sayo agushi mai ɓawo, mai yawa, don ke za ki ɓare shi.

Allah ya ba ki ikon riƙe amanar 'ya'yan mutane, ya daidaita ki da ɗan'uwanki, ya sanyaya zuciyar Mu'mina. In an yi hutu ki ɗauki Angela ku je ku gaida Madam Natan, ku tafi mata da agushin da kika ɓare.

Anti Huraira