Shayi a Jirgin Ahsa

Zuwa ga Baba,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya, kai da Inna da ƙanwata Nazira. Ya ƙarfin jiki?

Albishirinka, Baba. An ɗauke ni daga sito, yanzu ina raba shayi a jirgin ƙasa mai kai 'yan yawon buɗe ido daga Riyad zuwa gonakin dabinon Ahsa. Masu dabino har addu'a suke yi mana, don baƙinmu sun raya musu kasuwa.

Jiya wani dattijo Balarabe ya ce mini, "Ɗana, ina ka koyi riƙe faranti jirgi na gudu, ko ɗigo bai zuba ba?"

Na ce, "Gado na yi. Mahaifina a jirgin Ƙaura Namoda ya yi furfura."

Ya miƙe ya ba ni hannu, ya ce in gaishe ka.

Tsayuwa kan ɗan kumbura mini ƙafa, amma ruwan ɗumi yana magani. Kada Inna ta ji. Maganar hutun Sallah kuma, kafil, wato uban gidan da ya kawo ni Saudiyya, bai amsa ba tukuna.

Ranar da ka ajiye hular aiki, ka ce reluwe ta ƙare a gidanmu. Ba ta ƙare ba, Baba. Ka sa mini albarka.

Ɗanka,
Badamasi