Agogon Baba Ya Kama Hanyar Zariya

Fagge, Kano
Ranar Lahadi

Yaya Usaid,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya. Ya aikin safiyo da awon ƙasa, ya sanyin Mambila? Mu dai nan zafi ya ishe mu, ko fanka iskar wuta take hurowa. Tun da kiran waya ba ya shiga saman dutsen naku sai dai a yi ta "halo, halo", na ce bari in zauna in rubuta, in ka sami sabis ka karanta a nitse.

Maganar Baba ce. Agogon da ka aiko masa yana so ƙwarai, duk da dai ya ce ya yi kama da na sojoji. Da na gaya masa rana ce ke cajinsa, kuma kai kana can kana ganin inda yake da bugun zuciyarsa a wayarka, dariya ya yi ya ce ashe tsohon hedimasta ne yanzu ake sa wa ido. Tafiyar da likita ya ce ya riƙa yi saboda ciwon suga kuwa ba ya fashi. Daga sallar Asuba yake wucewa, sai hantsi ya dawo.

Amma Yaya, Baba ba daidai yake ba. Shekaranjiya ya tambaye ni ko Iya ta dawo daga kasuwa. Iya fa, da muka binne shekara da shekaru. Na yi tsaye da ludayi a hannu, can sai ya shafa fuska ya ce wasa yake. Ba wasa yake ba, na ga idonsa. Jiya kuma maƙwabta suka same shi yana ƙoƙarin buɗe ƙofar gidansu da makullinmu.

Ni da safe ina makaranta ina fama da ɗalibai, ba zan iya bin sa ba, kuma ka san ba zai yarda a haɗa shi da ɗan rakiya ba. Tsoro nake ji wallahi, kar wata rana ya fita ya kasa gane hanyar gida. Ka faɗa mini abin da za mu yi.

Ka huta lafiya.
Ƙanwarka, Najwa

Gembu
Ranar Talata

Najwa,

Wa alaikumus salam. Na sami saƙonki, ina lafiya, alhamdu lillahi. Ki gaishe mini da Baba da kyau.

Ke dai tun kina ƙarama uwar tsoro ce, ko ƙadangare ya faɗo sai kin tara unguwa. Mantuwa ai ta tsufa ce, ni ma da ƙuruciyata ina manta makulli. Ki kwantar da hankalinki, don wannan na saya masa agogon nan, kuma irin mai layin kansa na zaɓa, ba sai ya ɗauki waya ba. Ko ruwa ko ƙura ko faɗuwa ba abin da zai same shi, irinsa nake ɗaurawa a daji.

Kullum da safe ina dubawa, kuma abin da nake gani ya faranta mini rai. Makonnin nan bugun zuciyar Baba ya daidaita, kamar na saurayi. Tafiyarsa ta ƙaru sosai, yana zaga Bata, ya shiga Kantin Kwari, wani lokaci har wajen tashar jirgin ƙasa. Da can kullum cajin yana ƙasa, saboda yana rufe agogon da hannun riga, rana ba ta samunsa. Yanzu kuwa kullum a cike yake, wato ya fara jin maganata yana barin rana ta taɓa shi.

Mutumin da ke wannan yawo ba mara lafiya ba ne. In na zo hutun Sallah mu kai shi a duba shi, don hankalinki ya kwanta. Kafin nan, ko'ina ya shiga ina ganinsa.

Allah Ya bar mu tare.
Yayanki, Usaid

Fagge
Alhamis, bayan La'asar

Yaya,

Salam. Ka bar duk abin da kake yi ka buɗe wayarka. Baba bai dawo ba.

Tun fitar Asuba. Na dawo daga makaranta na tarar da kokonsa a rufe yadda na bar shi, maganin sugansa yana kan faranti bai sha ba. Na je masallaci, liman ya ce sun yi Asuba tare, bai gan shi a Azahar ba. Na bi gidajen abokansa ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya gan shi. Rana kuwa yau kamar za ta fasa kai, ga shi cikinsa ba komai.

Tun da na karanta saƙonka wani abu ke damuna. Me Baba zai je yi a Kwari? Mutumin da ko ɗaurin aure ya je, gefe yake tsayawa saboda ba ya son turereniya. Kuma yaushe Baba ya taɓa naɗe hannun riga a titi? Na so in faɗa maka, na ce za ka sake ce mini uwar tsoro.

Ka duba ka gaya mini inda yake, yanzu zan hau adaidaita in je in ɗauko shi. 

Najwa

Gembu
Alhamis

Najwa,

Salam. Ki zauna kafin ki karanta, kuma ki kira wani babba ya zo ya zauna tare da ke.

Agogon ba ya cikin Kano. Yana kan hanyar Zariya, ya wuce Kwanar Dangora, kuma gudun mota yake yi. Na rufe na sake buɗewa ko kuskure ne, ba kuskure ba ne, yana ta yin kudu.

Ba na so in rubuta abin da ke raina, ke ma kin san abin da ake yi wa mutane a hanyoyin nan. Abu ɗaya da na riƙe shi ne zuciyar tana bugawa lafiya, yana raye. Na tura saƙo fuskar agogon da lambarki, na ce ko wane ne ke tare da wannan dattijo, don girman Allah ya kira, mai ciwon suga ne. In sun kira kar ki yi gardama, kar ki yi kuka, ki ce a ba shi abinci tukuna.

Ina neman motar da za ta sauke ni Jalingo. Ki yi ta addu'a.

Usaid

Fagge
Juma'a da safe

Yaya Usaid,

Assalamu alaikum. An kira, amma ba waɗanda muke tsoro ba ne, kuma ban san ko in ce alhamdu lillahi ba ko in fasa ihu.

Wani bawan Allah ne mai suna Kazeem, ɗan Sabon Gari, yana sarin atamfa a Kwari yana kaiwa Ilori. Yana cikin mota ya ji abu ya girgiza a hannunsa, ya duba ya ga saƙonka. Yana ta rantsuwa shi ba ɓarawo ba ne. Ya ce kusan wata guda ke nan, a bakin famfon wani masallaci, wani dattijo ya naɗe hannun riga zai yi alwala, shi kuma ya ga agogon ya ce, "Masha Allah Baba, wannan agogo ya yi kyau." Shi ke nan Baba ya kwance ya ɗaura masa. Ya ce ya ƙi, ya ƙi, har ya durƙusa, Baba ya ɓata rai ya ce yaro ba ya mayar wa babba kyauta.

Yaya, ta yaya muka manta halin Baba? Ina hularsa ta zanna da direban makaranta ya yaba? Ina rediyonsa? Tun muna yara Iya ke hana baƙi yabon komai a ɗakinsa, don ta san kafin su tashi ya naɗe musu. Ni kuma ban lura ba, hannun rigarsa kullum har wuyan hannu, alwalarsa a masallaci.

Ashe duk makonnin nan zuciyar Kazeem kake dubawa kana jin daɗi. Shi ne mai yawo a Kwari, shi ne mai gajeren hannun riga da rana ke duka. Ba ina ɗora maka laifi ba ne, ni da nake gida ɗaya da shi ma ban gani ba.

Jiya da muke zaton an sace shi, aƙalla akwai ɗigon agogon a taswirar wayarka da muke bi. Yanzu ba mu da komai. Bai kwana a gida ba. Maƙwabta sun zaga asibitoci, an kai cigiya gidan rediyo, liman ya ce zai sanar bayan Juma'a. Har ɗakin ajiye gawa aka ce a leƙa, na ce ni ba zan iya ba, wani ya je, ba ya can. Kwana guda ba magani ba abinci, a wannan zafi. Ko sallama aka yi a ƙofa sai in fita da gudu.

Najwa

Tashar mota, Jalingo
Juma'a

Najwa,

Salam. Ina jiran mota ta cika, sai na tuna agogon yana ajiye duk hanyar da aka bi da shi. Na koma baya, kafin ranar da cajin ya fara cika, lokacin da yake hannun Baba da gaske.

Hanya ɗaya ce kullum, ba ta canzawa. Daga masallaci ya tsallaka titi ya shiga Sabon Gari, ya miƙe har titin Abeokuta, ya tsaya wuri ɗaya ya daɗe, sannan ya juyo gida. A daidai wurin nan kullum bugun zuciyarsa yake ƙaruwa. Da ina gani ina cewa hutawa yake don ya gaji.

Na faɗaɗa taswirar na duba da kyau. Najwa, gidan su Iya ne, inda aka haife ta, wanda kawunnanmu suka sayar suka koma Ogbomosho. Ke ba lallai ki tuna ba, mai koren ƙofa ne kusa da masallacin Yarbawa. Ki ɗauki maganinsa da ruwa da dabino ki tafi yanzu.

Usaid

Fagge
Juma'a, bayan Magariba

Yaya,

Alhamdu lillahi. An same shi, yana gida, ya ci ya sha magani, yanzu haka barci yake. Ƙafafunsa sun kumbura, leɓensa ya bushe, likita ya zo ya duba ya ce Allah ne Ya tsare.

A kan benci na same shi a ƙofar gidan. Wata mata ce yanzu ke da shagon kayan masarufi a gaban gidan, sunanta Adaeze, Hausa a bakinta kamar ni. Ta ce kullum da safe yake zuwa, tsaf da shi, hula a karkace, ya gaishe ta da ladabi ya ce, "Don Allah a shiga a ce ana sallama da Azeezat." Da fari ta ce masa babu mai wannan suna. Da ta ga yadda fuskarsa ta yi, sai ta koma ce masa ta fita, ya dawo gobe. Shi kuma ya yi godiya ya tafi.

Jiya ba ta buɗe shago ba, ta je dubiya asibiti. Babu wanda ya ce masa ta fita, shi ya sa ya zauna yana jira. Ya wuni a nan, ya kwana a barandar masallacin Yarbawa, da gari ya waye ya koma kan bencinsa. Da ta zo ta gan shi ta haɗa masa shayi, ta tambaye shi gidansu ya ce bai sani ba.

Na durƙusa a gabansa na ce, "Baba." Ya ɗago ya dube ni, sai fuskarsa ta washe, irin murmushin da rabona da gani tun Iya na da rai. Ya kira ni da sunan Iya, Azeezat, ya ce, "Kin daɗe."

Yaya, na rasa yadda zan yi. Kunya ta kama ni, kuka ya taso mini. Na ce, "Yi haƙuri, ga ni." Ya tashi ya biyo ni har cikin adaidaita ba gardama.

Kazeem ya ce yana dawowa zai kawo agogon. Na ce kar ya ce mayarwa ya yi, Baba ba zai karɓa ba, ya ce tsaraba ce daga Ilori. Zan kuma roƙi jama'ar masallaci kar wanda ya sake yaba shi.

Najwa

Fagge
Asabar

Yaya Usaid,

Salam, da fatan hanya tana kyau.

Yau bayan Asuba Baba ya dawo ya gyara hula zai fita. Na riga shi zuwa zaure na tsaya da mayafin Iya, na ce ga ni, ba sai ya je ba. Ya zauna muka sha koko. Ban san kwana nawa wannan zai yi aiki ba, jibi kuma ina da makaranta.

Na ce masa kana hanya. Ya dube ni, ya ce, "Usaid, mai son agogo ko?" Na ce shi.

Kar ka jira hutun Sallah ya sake kawo ka, in ka iso ka zauna. Ka zo tun yana gane ka.

Allah Ya kawo ka lafiya.
Ƙanwarka, Najwa