Ƙyallen Inna Tasalla

Lahadi, 1 ga Fabrairu, 1987

Shekara guda cif da na ajiye aikin gyaran rubutu a gidan jarida a Kaduna, na dawo Illela na riƙe kamfanin Baba, Allah Ya jiƙansa. "Maccido da 'Ya'yansa, Sufurin Kaya." 'Ya'yan nan kuwa ni kaɗai ne. Motoci biyu masu bodin katako. Ɗaya tana kan duwatsu tun lokacin rufe iyaka. Ɗayar kuwa tsohon direbanmu Baba Dabo ke ja, Litinin da Alhamis, a kai albasa da kifi Sakkwato, a dawo wa masu kanti da sukari da sabulu da atamfa.

An buɗe wata rumfa a bakin kasuwa, wai Kamfanin Sauƙi. Na je na gani da idona. Akawu ɗaya, littafin hotuna ɗaya, sai oba-oba, rediyon kiran nan. Mai kanti ya nuna hoton abin da yake so, akawu ya kira sito a Sakkwato, jibi a-kori-kura ta sauke masa a ƙofar shago. Ba tafiya, ba hawa kan lodi. Dabara ce mai kyau. Tunda gaskiya ce, na rubuta.

Litinin, 9 ga Fabrairu

Mota ba ta tashi ba sai sha ɗaya da minti ashirin.

Tsarin Baba ne. Duk mai son tafiya, tun jajibere yake zuwa ya ɗaura ƙyallensa a katakon mota, kowa da launinsa. Da safe in ya iso da kaya sai ya kwance. Muddin akwai sauran ƙyalle ɗaya a ɗaure, Baba Dabo ba ya tayar da inji. Yau mutum ɗaya muka jira awa uku. A-kori-kurar Sauƙi ta iso, ta sauke, ta koma, muna nan tsaye.

Baba Dabo ya kama ni ina duban hannu. "Mi kake dubi ga agogo, ɗan Alhaji? Agogo bai da buhu cikin motag ga."

Alhamis, 12 ga Fabrairu

Ƙyalle goma sha ɗaya. Bara war haka katakon har ba a ganinsa.

Talata, 17 ga Fabrairu

Na yi tunani a tsanake. Suna cin mu ne da lokaci, to mu ma mu riƙe lokaci. Na sa an rubuta allo: MOTA NA TASHI ƘARFE BAKWAI DAIDAI. Na karanta wa Baba Dabo, shi ajami ya sani.

Ya daɗe yana goge gilashi. Can ya ce, "Ran da anka haihe ka, an aiko ma Alhaji nan tasha. Ya ce ba shi tahiya sai Jaɓɓo mai fata ya zaka ya kwance ƙyallenai. Sai azahar ya ganka."

Na ce wancan zamani daban. Ya ce, "To."

Matata Hindatu ta ce in bari sai bayan kakar albasa. Na ce mata bayan albasa ba za a sami abin gyarawa ba.

Litinin, 23 ga Fabrairu

Zan rubuta yadda ya faru, ba ƙari.

Bakwai ta yi, an kwance duka sai ɗaya, ruwan ɗorawa. Na Inna Tasalla ne, mai ɗanyen kifi daga Kalmalo. Tun kafin in yi wayo take hawa motarmu. Na ƙara minti goma sha biyar, sannan na ce a tafi.

Baba Dabo ya ce, "Ba ni tashi in bar Tasalla."

Mutane na kan lodi suna kallonmu. Na ce, "Baba Dabo, motar ta wa ce?"

Ban ɗaga murya ba. Da ma ɗagawa na yi, da an ce fushi ne. Ya dube ni, ya hau, ya tayar.

Takwas saura kwata sai ga ta, amalanke da kwando uku, jakin na ɗingishi. Ta dubi wurin da mota ke tsayawa, sai baƙin mai a ƙasa.

"Attahiru, ina mota?"

Na nuna mata allo. Allo! Matar da ba ta karatun boko.

"Ƙyallena fa?"

Na ce yana jikin motar.

Ta yi 'yar dariya. "Ashe ƙyalle ya tahi Sakkwato, mai shi na Illela." Ba ta zage ni ba. Ta gyara mayafi ta ce wa mai amalanke ya juya, a je a nemi itace a banda kifin kafin rana ta ɓata shi.

Talata, 24 ga Fabrairu

Ƙyallen nata yana nan a ɗaure. Na ce Baba Dabo ya cire, ya ce mai shi ke kwancewa. Ni ma na kasa.

Alhamis, 26 ga Fabrairu

Mota ta tashi bakwai daidai. Ƙyalle huɗu, rabin bodi fanko.

Kuskuren ga shi, a fili kamar harafin da ya kife a kanun labari. Masu kantin da suka koma Sauƙi ba sauri suke nema ba, zama suke so a shagonsu kaya ya same su. Ko asuba muke tashi ba za su dawo ba. Waɗanda suka rage mana kuwa, jiran ne ya riƙe su. Abu ɗaya muke da shi wanda Sauƙi ba su da shi, kuma ni na rubuta allo na soke shi.

Laraba, 4 ga Maris

Na je Kalmalo wurin Inna Tasalla ban haƙuri. Ta shimfiɗa mini tabarma a gindin darbejiya, ta sa aka dama fura. Ashe motocin Sauƙi in sun sauke kaya fanko suke komawa, yanzu sun fara kwasar kifi da albasa a kan abin da bai taka kara ya karya ba. Da su take aikawa.

"Na yahe maka, ɗana. Ni na goye ka cikin tashan nan, mi za ni riƙe ka da shi? Amma su in sun ce bakwai, na san bakwai ta. Ku kau na san kuna jira. Yanzu ban san ku su wa na ba."

Na roƙe ta ta zo ta kwance ƙyallen. Ta ce, "Bar shi nan, ya saba da hanya."

Litinin, 16 ga Maris

Na cire allon tun makon jiya, ba wanda ya kula. Yau ƙyalle biyu, ban da nata. Muka jira har azahar ko wani zai ƙaru. Masu ƙyallen biyu suka sauke buhunansu da kansu, suna ba ni haƙuri, su ke ba ni haƙuri. Mota ba ta je ba.

Juma'a, 27 ga Maris

Bayan masallaci Baba Dabo ya biyo ni zaure. Ya zauna a ƙasa, abin da bai taɓa yi a gabana ba. Sauƙi na neman direban da ya san hanya, sun ce ya kawo takardar shaida.

"Baki tara gare ni gida, ɗan Alhaji. Kar ka ga kamar..."

Na ce ban ga komai ba. Na ce ya tashi ya hau kujera, ya ƙi.

Sau huɗu na sake takardar. Shekara ashirin da shida, bai taɓa kayar da mota ba, buhu ɗaya bai taɓa ɓata a hannunsa ba. Na rubuta cewa bai taɓa barin mutum a tasha ba sai da aka tilasta shi, sannan na soke. Ban sani ba ko a wurinsu yabo ne.

Litinin, 6 ga Afrilu

Wani mutumin Gwadabawa ya sayi motar ya tafi da ita, ya ce zai dawo ɗaukar ta kan duwatsun don kayan gyara. Ina tsaye a tasha sai Baba Dabo ya wuce a a-kori-kurar Sauƙi, hularsa na taɓa rufi. Ya ɗaga mini hannu. Bai tsaya ba, an yanka masa lokaci.

Asabar, 11 ga Afrilu

Manajan Sauƙi ya aiko akawunsa, wai wa ya rubuta takardar Dabo. Suna so a mayar da littafin hotunansu Hausa, masu kanti na ƙauye su riƙa karantawa da kansu. Na ce masa ni ɗan Maccido ne, ya gaya wa maigidansa haka. Ya ce to, amma ya bar littafin a kan benci.

Ban ce zan yi ba. Shafi uku kawai na gwada, in ga ko hannuna bai mutu ba: fitila, bokiti, ashana. Hindatu ta leƙo sau biyu tana cewa abinci ya huce. A kan teburin Baba na yi aikin, can ne haske ya fi. Gobe in duba shafin atamfa, don kawai na riga na fara.