Tutar da Ke Cikin Adakarka

Zuwa ga Babana,

Assalamu alaikum. Na san ba za ka karanta wannan ba, amma ba ni da wanda zan faɗa wa sai kai, tunda kai ka ƙulla abin.

Gida lafiya. Inna tana fama da ƙafa kamar kullum, soronka kuma ya fara yoyo.

Baba, an buɗe tutar.

Bayan sadakar arba'in ɗinka Baffa ya ce a fito da ita jikoki su gani, tunda har mu 'ya'yanka ba wanda ya taɓa ganin ta a warware. Tutar da ka ce kakan kakanmu ya riƙe a fagen yaƙi, saƙar hannu, da ayoyi a jikinta da hujin kibiya. Ka tuna yadda kake hana mu kwance ƙullin, wai ta tsufa, iska ma za ta iya yaga ta? Ni ka ɗora wa kula da ita tun ina budurwa. Duk Juma'a in hura kasko, in turara ƙunshin saboda asu, in mayar adaka. Har gori nake yi wa ƙawayena a Sheshe, wai gidanmu gidan tuta ne.

Ni na kwance da hannuna a zaure, gaban dangi. Farin yadi ne, Baba. Yadin kanti, har da tambarin masaƙa a gefe.

Nan take ido ya koma kan Yaya Sani, don shi ya riƙe makullin ɗakinka lokacin jinya. Baffa ya kira shi ɓarawo a gaban 'ya'yansa. Ya rantse har ya yi kuka, ba wanda ya saurare shi. Yanzu ya daina shigowa gidan, masallacin unguwa ma ya ƙaurace masa, sai Ƙofar Mazugal yake zuwa sallah.

Da na zo ninke yadin na ga kalmasar bakinsa. Haba Baba! Ni da na girma a gindinka ina zura maka zare a allura, zan kasa gane ɗinkinka? Ɗinkin bahago ne, ya karkata ta inda naka yake karkata, da ƙulli biyun da kake yi a ƙarshe. Sani ko maɓalli bai iya ɗinkawa ba. Sai na tuno mutumin nan mai sayen kayan tarihi da ya yi ta zarya zaurenka shekarun baya, wanda ka ce mana ka fatattake shi.

Wataƙila matsi ne ya sa ka, ban sani ba. Da ka faɗa min, wallahi da na rufa maka asiri. Amma ka zauna kana kallo na ina turara yadin kanti, kana sa min albarka! Ba ka ji komai ba? Raina ya ɓaci da kai, Baba, ban taɓa zaton zan faɗi haka ba.

Na yi ta juya abin. In na yi shiru, Sani ya zama ɓarawo har ya mutu. In na yi magana, sunanka ya zube a unguwar da ake cewa ba a taɓa jin ƙarya a bakinka ba.

Gobe zan ɗauki yadin in kai wa Baffa. Shi ma ya san ɗinkinka. Sani yana da rai, yana da 'ya'ya.

Allah ya jiƙanka, ya gafarta maka. Ni ma zan yafe, amma ba yau ba.

'Yarka mai turara maka tuta,
Hadiza