Ciyawar Madugu

Zuwa ga ɗana Isuhu a Kano. Gaisuwa mai yawa. Ina gajiya, ina iyali? Mu a Kona lafiya, ban da ƙuguna.

Ina fushi da kai. Kai ka matsa in je Tasawa in ga rumfar da abokinka Madugu ke tara tsirran ƙasar Gwanja. Na tarar da wata ciyawa cikin tukunya, ganye kamar gashin jimina, ba fure, ba 'ya'ya. Hannun manomi ba ya shawara, na tumɓuke ta ina jiran godiya. Madugu ya ce, "Baba, ita ka zo gani!"

Aka mayar da saiwar cikin tukunya. Yanzu kullum ina Tasawa, ni ke ja masa ruwa har saiwar ta yi toho, gerona kuwa ciyawa na cinye shi. Gai da kowa. Ku roƙa wa ciyawar Madugu rai, in koma gona.