Ruwan Ɗauraya

Zuwa ga Auta,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Sau uku ina kiran ki a waya ana ce mini kina taro, shi ya sa na ɗauki biro, tunda takarda ta fi ni haƙurin jira.

Jiya mai karanta mita na hukumarku ya kawo mini sanarwar sabon farashin ruwa. Wai wanda ya yi amfani da kaɗan zai biya kaɗan, wanda ya wuce ƙa'ida a ninka masa. Na ce, to ni mai sana'ar wanki da guga fa? Ya duba mita ya ce sahuna ɗaya da gidajen da ke ban ruwan ciyawa da wanke motoci huɗu. Auta, ni da ko keke ba ni da shi! A ƙasan takardar kuma na ga sa hannunki.

Ba faɗa nake yi ba. Idan na ƙara kuɗin wanki, masu kawo kaya su gudu. Idan ban ƙara ba, in kife bahona. Wanne kika zaɓar mini?

Ki shafa mini kan yara.
Yayarki.

*

Yaya,

Ina gaishe ki da girmamawa. Wasiƙarki ta hana ni cin abincin rana.

E, ni na tsara farashin. Madatsar ruwa ta ja baya sosai bana. Unguwannin kan tudu sai famfonsu ya yi kwana huɗu yana tari babu ko ɗigo, mata na hawa da jarkoki a ka. Muddin ruwa na da arha, mai babban gida ba zai ji ciwon barin tiyo a buɗe ba. A kan wannan ban yi nadama ba.

Amma na yi kuskure. Da nake aikin, lambobi kawai na gani, na manta da baho, alhali da kumfar bahonki aka kai ni makaranta bayan rasuwar Inna.

Ba zan iya gyara wa ke kaɗai ba. Sai dai ranar Laraba kwamiti zai saurari jama'a a zauren hukuma kafin a kaɗa ƙuri'a. Ki zo, Yaya. Abin da kika sani game da ruwa, babu wanda ya san shi a ofishin nan, har ni.

Allah ya ƙara girma.
Ƙanwarki, Auta.

*

Yaya,

Gaisuwa da ban gajiya. Kin tafi kafin a tashi, bari in ba ki ƙarashen labari.

Da kika shigo da abokan sana'arki mata biyar, kowace da baho a ka, mai gadi ya so ya hana ku. Kika jera baho uku gaban teburin manya, kika nuna musu yadda ruwan ɗaurayar ƙarshe ke zama ruwan wankin gaba, na wankin ya koma wanke tsakar gida. Shugaban kwamiti ya tambaye ki ko wata ƙungiya ce ta koya muku. Kika ce, "Ranka ya daɗe, wanda ya taɓa ɗauko ruwa a ka ba sai an koya masa tattali ba. Ku hukunta mai ɓarna, amma ku dubi wanda ruwa ne jarinsa."

Kin ji lokacin da na miƙe na ce ke yayata ce, ke kika raine ni, don haka ba zan kaɗa ƙuri'a ba. Na fita neman ki, ban gan ki ba.

An amince. Masu ƙananan sana'o'i za su sami matakin farashinsu daban. Akwai ɗan ƙari, amma ba ninki ba. An kuma roƙi ku shiga unguwanni ku koya wa mutane dabarar baho uku.

Abu ɗaya ke ci mini rai. Kin wuce ta gabana kamar ba ki san ni ba, ko kallo ban samu ba. Har yanzu fushi kike yi?

Taki, Auta.

*

Auta,

Lafiya lau, da fatan kuna haka.

Wane fushi? Na ɗauke kai ne don kada a ce kin shigo da 'yar'uwarki, a ɓata miki suna. Ina ta rufa miki asiri, sai ga ki kin miƙe gaban manya kina shelar cewa mai wanki ce ta raine ki. Bayan ginin na zaga, na sha kukana cikin gyale, shi ya sa ba ki gan ni ba.

Ƙarin zan iya ɗauka. Amma famfon tsakar gidana ya fara ɗiga, ki turo mai gyara tun kafin in fita koya wa mutane tattali a yi mini dariya. Ke ma ki biyo shi, na yi kewarki.

Yayarki.